Motar Da Ba Ta Tashi Sai Na Sauka

Wadda ta aiko min saƙo cewa in je a yi min ruƙiyya, na gode 'yar uwa, amma Ummi ta riga ki. An tofa min, na sha rubutu har cikina ya ƙulle, an turara ni da wani hayaƙi da har yau yake cikin gashina. Duk a kan me? A kan mota. Wallahi a kan mota, wata 'yar fara ƙarama da ko buhun gawayi biyu ba za ta ɗauka ba sai an danna.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Sittana. A Alsawra aka haife ni, nan arewacin Omdurman, kuma a nan aka haifi Ummi. Kakanninmu ne suka taso daga ƙasar Gobir da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu, suka ce bari su yi noman shekara ɗaya su ƙarasa. Ga mu nan har yau. Saifuddeen kuwa ɗan Gusau ne, yana digiri na biyu a wata jami'ar Musulunci a Khartum, da yamma yana koya wa yaran masu kuɗi karatun Alƙur'ani. Dogo ne, mai sanyin magana, jallabiyarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke ta daga ƙarƙashin dutsen guga. Ustaz nake ce masa. Ya fi shekara yana zuwa gidanmu, kuma ina son sa, kada ma wata ta tsaya tambayata.

Abu ɗaya ya tsare maganar aurenmu. Baffa Zubairu, ƙanen mahaifina, shi ne waliyyina tun rasuwar Baba, ya ce ba zai karɓi maganar aure daga bakin yaro shi kaɗai ba, sai wani babba nasa ya gan mu mun gan shi. To sai ga Ustaz watan jiya da albishir: Hajiyarsa ta sauka Khartum, za a yi mata aikin ido kafin ta wuce Umra, tana gidan wani ɗan garinsu a Jabra.

Ummi har da guɗa a tsakar gida.

"Uwar miji ta zo har garinmu mu zauna muna kallon juna? Ustaz, ranar Juma'a ka zo ka kai mu mu gaishe ta."

"In sha Allahu, Ummi," ya ce, yana kallon tabarma.

Ranar tun da hantsi muke kan wuta. Ummi ta yi kisra, siririyar wainar dawa mai laushi, da miyar busasshiyar kuɓewa, ni na soya kaji. Khala Ni'mat, maƙwabciyarmu Balarabiya 'yar Shandi da muke katanga ɗaya, ta miƙo tiren basbusa, kek ɗinsu mai zaƙi, ta saman katangar, ta kuma shigo ta gyara min lalle. Na sa tob, wato lafayarmu ta nan, ruwan zuma mai ƙananan furanni a baki. Ummi ta ciro nata na ƙasan akwati, ruwan toka mai zaren azurfa, wanda ba ta sawa sai biki ya kai biki. Ummi baƙa ce kyakkyawa, da tsagar Gobirawa a kumatunta, don kakarta ta dage sai an yi mata ko da a Omdurman aka haife ta. In ta sha kwalli ta yafa wannan tob ɗin, ni kaina sai in tsaya ina kallonta.

Muka shiga baya ni da ita, tire a kan cinyoyinmu. Ni dama ban taɓa zama gaba a motarsa ba. A garin nan budurwa ta zauna kusa da saurayi, 'yan nizam, 'yan sandan tsare ɗa'a, su tare ku a bakin gada suna tambayar takardar aure, ina za ki sa kanki?

Ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Kir-kir-kir-kir. Shiru. Ya sake. Kir-kir-kir. Injin yana juyawa amma ya ƙi kamawa.

"La haula. Yanzu fa na zo da ita lafiya lau."

Ya fita ya buɗe bonet, ya taɓa kan batir, ya ƙwanƙwasa nan ya hura can, ya dawo ya murɗa, ya sake fita. Mu kuma muna ciki muna dahuwa, hodata tana gangarowa wuya. Ummi ta leƙa ta taga.

"Ɗana, mu tari amjad mana. Ga su can bakin titi."

"Haba Ummi, in kai ki gaban Hajiya a motar haya? Saura kaɗan, yanzu za ta tashi."

Saura kaɗan ɗin nan ita ta kai mu har kiran magariba. Daga nan ya ce ai Hajiya ta ɗiga maganin ido ta kwanta, a bari sai wani makon. Muka sauko da tirenmu muka koma ciki, 'yan unguwa suka ci kaji. Ban gama kwance tob ba na ji vuuum a waje. Sai ga saƙonsa:

"Subhanallah. Kuna shiga gida ta tashi."

Ku riƙe wannan maganar, don ba ni kaɗai na lura ba. Awadiyya ma ta lura. Awadiyya matar da gidanta ke kallon namu ce, Bahaushiya irinmu, wadda in kazarki ta yi ƙwai ita za ta fara sani kafin ke. Kuma tana da abin da za ta jingina maganar a kai. Shekarun baya wani Tahir mai tuƙa amjad ya nemi aurena, ba a yi mako da kawo gaisuwarsa ba motarsa ta kife a hanyar Madani, ya karye a cinya, danginsa suka janye ba ko sallama. Tun lokacin ake 'yar raɗa cewa ina da farar ƙafa, abin da Larabawan nan ke ce wa ƙafa mai zafi. Raɗar ta kwanta da daɗewa. Motar Ustaz ta tashe ta.

Washegari na matsa masa ya kai motar Alshajara, warsha, wato garejin Baffa Zubairu, inda Baba ma ya yi aikin wayarin mota har ya bar duniya. Baffa ya wuni a kanta. Ya kankare kan batir, ya wanke filogi, ya bi fis ɗaya bayan ɗaya, ya kwance sitata ya mayar. Da yamma ya kira ni.

"'Yata, motar nan ko suna na kira ta da shi za ta amsa. Na kashe na tayar har hannuna ya gaji. Ciwon da ba ya zuwa gaban likita, me zan ba shi?"

Duk makon nan motar ta je jami'a, ta je Bahri, ta wuni a layin mai ana matsawa kaɗan-kaɗan, ana kashewa ana tayarwa, ko tari ba ta yi ba. Juma'a ta zagayo, muka sake dafawa, muka sake yin ado, muka sake shiga. Kir-kir-kir-kir.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku saukowa daga mota da tire a hannu karo na biyu ba, alhali mata sun fito ƙofar gida suna shan jabana, gahawar nan tamu, suna kallo. Ƙafata ta yi nauyi, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Kuma kamar wancan karon, muna rufe ƙofa ta tashi.

Da safe a layin burodi Awadiyya ta juyo ta dube ni daga ƙasa zuwa sama, ta fi daɗewa a ƙasan.

"Sittana, in za ki kasuwa ki gaya min raksha wacce za ki hau, don in hau wata. Ina da yara ƙanana."

Aka kwashe da dariya. Na yi murmushi kamar wasa ne, na karɓi burodina, na zo gida na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na gani wurin Ummi. Ina wanke-wanke a rumfa, na ɗago, sai na kama ta tana kallon ƙafafuna. Da muka haɗa ido ta yi sauri ta kawar da kai. Uwata fa. Ranar ta kai ni wurin malam a hara ta gaba, unguwar da ke kusa da tamu, aka yi duk abin da na faɗa muku a farko. Na rubuta wa Ustaz ina kuka, na ce ka ga abin da motarka ta ja min. Ya amsa da dogon saƙo mai daɗi, ya ce camfi haramun ne, kada in sa a raina, amma ba laifi in riƙa karanta Falaƙi da Nasi safe da yamma, har ya turo min muryar wani mai ruƙiyya in riƙa saurare. Na ce Allah sarki, bawan Allah.

Zargina bai fara daga motar ba, daga waya ya fara. Ranar Litinin ya rubuto:

"Ki yi wa Hajiya gaisuwa ta murya, ta ji jiki bayan aikin."

Ba yau na fara ba, tun tana Gusau nake yi mata, shi yake turawa. Kullum kuma da Larabci, wai tana jin daɗin Larabcin Sudan. Wannan karon na ce a raina, mace tana kwance da ido a ɗaure, ai gaisuwar da za ta shiga zuciyarta ita ce ta harshenta. Na yi mata da Hausa: sannu Hajiya, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya sa kaffara ne. Kafin in ajiye wayar ya kira.

"Sake yi da Larabci."

"Me ya sa? Ba Bahaushiya ba ce?"

"Ta saba da wancan. Ki dai sake."

"To ba ni lambarta in kira ta da kaina."

"Layinta na Najeriya ne, ba ya shiga a nan."

"Kwatanta min gidan, ni da Ummi mu hau bas."

"Jabra ruɗani gare ta, za ku ɓata. Ki yi haƙuri zuwa Juma'a mana, Sittana."

Na kashe wayar na zauna bakin gado. Kowace ƙofa na taɓa a rufe take, kuma kowacce da dalilinta mai kyau. Zuciyata ta fara kawo min abubuwa. Ko Hajiyar ba ta zo ba sam? Ko wata ce a gidan na Jabra? Na ce ya turo min hotonta, nan take ya turo: dattijuwa mai kama da shi sak, ido ɗaya a rufe da auduga, a bayanta ga tulun ruwa irin namu na nan da mai shayi a bakin titi. Ta zo, wannan ba ƙarya ba ne. To mene ne?

Ranar Laraba Ummi tana da ganin likitan hawan jini. Da ma raksha, ɗan keken haya mai ƙafa uku, muke hawa, amma na ce wa Ustaz ya zo ya kai mu, ina so in ga ko motar za ta ƙi ni a ranar da ba Jabra za mu ba. Ummi har tana ja da baya, wai kada mu ɓata wa yaro mota. Na ja ta muka shiga.

Ya murɗa makulli rabi yana amsa gaisuwar wani, sai na ji wani siririn sauti a ƙarƙashina, zuuu, kamar sauro a cikin kujera. Ya ƙarasa murɗawa, mota ta tashi tas.

Tsikar jikina ta tashi. Na san sautin nan. Ina ƙarama in na kai wa Baba abinci warsha, yakan ce in hau kujerar baya in kasa kunne, in ya murɗa makulli in gaya masa ko na ji zuuu. Famfon mai ne, a ƙarƙashin kujerar baya yake zaune, shi ke tura mai zuwa inji. Wanda ke gaba ba lallai ya ji shi ba, na baya kuwa a jikinsa ma yake ji. Na rufe ido na koma Juma'o'in nan biyu. Na tuna zafin, na tuna ƙamshin kaji, na tuna kir-kir-kir. Zuuu kam ban tuna na ji shi ba.

Muna dawowa na shige ɗaki na kira Baffa.

"Baffa, in inji yana juyawa amma famfon mai bai yi kuka ba, mene ne?"

"Wuta ce ba ta isa gare shi ba. Ko fis, ko waya ta saki, ko famfon ne yake hanyar mutuwa. Duk na duba, lafiyarsu ƙalau. Ke yanzu makanikanci kika koma?"

"Babu wani abu kuma da zai hana shi wuta?"

Ina jin ƙarar guduma a bayansa.

"Akwai wata baƙuwar waya da na ga ta bi ƙarƙashin kujerar direba. Makunnin ɓarayi ne, irin wanda ake ɓoyewa. In ka danna shi, ko ɓarawo ya sami makulli mai ba zai hau ba. Na tambaye shi, ya ce na mai motar na da ne, an daɗe da kashe shi."

"Ka gwada, Baffa?"

"In gwada me? Mutum mai Alƙur'ani a ka ya gaya min da bakinsa, in tsaya ina bin bayan maganarsa? Ke, me kike nufi?"

"Ba komai, Baffa. A gaida su Inna."

Na ajiye wayar. Sai ga wani abu ya faɗo min: duk ranar da za mu Jabra, in ya zauna sai ya sunkuya kamar yana gyara takalmi. Ranar asibiti bai sunkuya ba.

Kada ku ɗauka nan take na yanke masa hukunci. Wallahi kwana biyun nan lauyansa na zama. Na ce wataƙila dunduniyarsa ce ke taɓa abin bai sani ba. Na ce wataƙila wayar ce ta saki, nauyin mutum uku da tire ke motsa ta. Na ce ke Sittana, mutumin da ke tashinki sallar asuba da saƙo, shi zai zauna ya kalli ana yi miki dariya? Ya turo "Ya ƙanwata, kin ci abinci?" na tsura wa saƙon ido ina neman ƙarya a cikinsa, ban gani ba. Na amsa "Na ci," alhali ko ruwa da ƙyar yake wuce min.

Juma'ar nan ita ce ta ƙarshe, ranar Lahadi jirgin Hajiya zai tashi. Ummi ta ce mu haƙura.

"Abin da Allah ya tsare sau biyu, a bar shi. Kada mu ƙara ba unguwa abin faɗa."

"Ummi, sau ɗaya tak. In ta ƙi yau, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ta dube ni ta yi ajiyar zuciya, ta tashi ta ɗora tukunya. Wannan karon ba kaji, kisra ce kawai da miya, sai basbusar Khala Ni'mat da ba ta gajiya da mu. Ummi ta sayo min sababbin takalma, ta ce in shiga da ƙafar dama, in karanta Ayatul Kursiyyu a bakin ƙofar motar. Na ce to. Na sa baƙin tob mara ado, ban yi kwalliya ba, turare ma ban taɓa ba.

Bayan la'asar ya iso. Unguwa kuwa kamar an yi shela. Awadiyya ta fito da kujerarta da kayan jabana, mata uku sun kewaye ta, wasu suna leƙe ta saman katanga. Ustaz ya durƙusa ya gaida Ummi, ya buɗe mana ƙofa da kansa. Na zauna daidai bayan kujerar da ba kowa, inda zan iya hango shi ta tsakanin kujeru.

Ya zauna. Ya gyara madubi. Ya sunkuya, hannunsa na hagu ya gangara ƙasa ya wuce takalmin. Na ji ƙit, ƙaramin sauti, wanda in ba jiransa kike ba ba za ki ji ba.

Ya yi bisimilla. Har da bisimilla, jama'a. Ya murɗa rabi, ƙarƙashina shiru. Kir-kir-kir-kir.

"Inna lillahi," ya ce, yana girgiza kai. "Wannan wace irin jarrabawa ce?"

Daga can Awadiyya ta ɗaga murya.

"Ya Sittana! Sauko mana ki bar bawan Allah ya kai tsohuwa!"

Dariya ta tashi. Tiren da ke cinyar Ummi ya fara kaɗawa, murfin kwano yana ƙara. Ta ce a hankali, ba ta dube ni ba, "Mu shiga gida."

Na buɗe ƙofa na fita. Na ji wata ta ce yawwa. Sai dai ban nufi gida ba, na zagaya ta bayan motar na zo ƙofar direba na buɗe.

"Ustaz, ɗaga ƙafarka."

"Me ya faru?"

"Ɗaga."

Na durƙusa a ƙasa da tob ɗina, gaban kowa, na zura hannu ƙarƙashin kujerarsa. Ƙura, wata tsohuwar takarda, murfin kwalba. Sai yatsana ya taɓa shi, ɗan makunni kamar ƙwayar dabino, an naɗe shi da baƙin salatif a jikin ƙarfen kujera. Na danna. Makullin yana rabi inda ya bar shi, don haka daga inda nake durƙushe na ji shi, zuuu.

Na miƙe na kakkaɓe gwiwata, na koma na zauna kusa da Ummi, na ja ƙofa.

"Murɗa."

Bai motsa ba. Bayan wuyansa ya jiƙe sharkaf.

"Murɗa mana, ɗana," in ji Ummi, ita ba ta ma gane abin da ya faru ba.

Ya murɗa. Vuuum. Ina ciki, da ƙafafuna biyu a kan shimfiɗar motar.

Dariyar waje ta ɗauke. Ni kuwa daɗin da na zaci zan ji bai zo ba. Ummi ta dube ni, ta dubi ƙeyarsa, ta sake dubana.

"Kai kake kashe ta?" ta tambaya. "Da hannunka?"

Ya ɗaga gilashin gefensa har sama kafin ya yi magana, muryarsa can ƙasa.

"Ummi, ki yafe min. Wallahi ba don ba na son Sittana ba ne."

"Hajiya ba ta san da ni ba ko?" na ce.

"Ta sani. Hotonki ne a fuskar wayarta. Kullum sai ta saurari gaisuwarki."

"To mene ne?"



"Ranar da na fara tura mata hotonki, ta ga tob, ta ga lalle, ta ji sunanki. Ta ce, Saifu, Balarabiya ka samo mana? Na ce eh. Da wasa na faɗa, wallahi. Kafin in gyara ta gaya wa 'yan uwanta, ta gaya wa matan unguwa, duk Gusau an ji ɗanta zai auro Balarabiyar Omdurman. Kuma a wurinmu, in aka ce 'yan Takari..."

Ya tsaya.

"Ƙarasa," na ce.

"Ana ganin kamar waɗanda suka ɓace a hanya ne. Ba su kai ba, ba su dawo ba. Ba ni na ce ba, haka ake faɗa. Ke ba matsala, Larabcinki ko 'yar Shandi albarka. Amma Ummi tana shiga..."

Bai ƙarasa ba, idonsa ne ya ƙarasa masa. Ta madubi na ga inda ya kalla, kumatun uwata.



"Shi ne ka bar unguwa tana cewa ina da farar ƙafa? Kana gani aka kai ni wurin malam, aka ɗura min rubutu. Kai ka turo min surorin da zan karanta, Ustaz! Kai!"

"Na ce in ta dawo daga Umra zan yi mata bayani a hankali. Lokaci kawai nake nema."

"Da sunana kake sayen lokacin?"

Ya sunkuyar da kai. Injin yana ta aiki, motar tana ɗan kaɗawa. A waje matan sun yi cirko-cirko, sun ga mota ta tashi amma ba ta tafi ba.

 Ummi kuwa ta daɗe tana kallon murfin kwanon miya. Can ta ɗaga tiren a hankali ta ɗora min a cinya, ta jawo gefen tob ɗinta ta rufe rabin fuskarta.

"To ai abin da sauƙi," ta ce. "Ni'mat tana gida. Fara ce, ba ta da tsaga, kuma ta san ki tun kina zanen goyo. Ta sa tob ɗina ta raka ki, ta ce ita ce uwarki. Ni sai in sauka."

"Ummi!"

"Yi shiru. Gaisuwa ce, ba ta wuce a sha shayi a tashi. Kin ga unguwa ta ga mota ta tashi da ke, wannan ya wuce. Kada kuma a ce ni na tsare miki hanya."

Muryarta ko rawa ba ta yi, wannan ya fi komai kashe ni. Matar da ta wuni gaban murhu Juma'a uku don ta fita kunyar surukarta, ita ce take neman hannun ƙofa.

Na ɗaga ido na kalli madubi. Wallahi har a lokacin ina jiransa. Ina jira ya juyo ya ce haba Ummi, Allah ya kiyaye, ya kama ƙafarta ya ba ta haƙuri. Da ya yi haka, ban san abin da zuciyata za ta yanke ba, don na gaya muku ina son sa.

Sai na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Da... da Khala Ni'mat za ta yarda," ya ce, "na yau kawai..."

Na damƙe wuyan hannun Ummi, na miƙa ɗaya hannun na danna makullin ƙofarta. Kwanon miya ya karkace ya zubo min a tob, ban ko duba ba.

"Ustaz, saurare ni da kyau. Mota lafiyarta ƙalau, mai yana hawa, titi ga shi can. Da uwata zan je Jabra, da fuskarta, da Hausarta, ta gaida Hajiya ta gaya mata ko mu su wane ne. In ba za ka iya ba, kada ka sake sunkuyawa. Ga makulli nan a sama. Ka sauke gilashi, ka kashe ta da hannunka unguwa tana kallo, mu sauka."

Awadiyya ta ajiye kofinta ta miƙe tsaye, ta fara takowa wajen motar. Ustaz ya dube ta, ya dubi titi, ya dube ni ta madubi, idonsa ya kawo ruwa. A hankali ya ɗaga hannunsa na dama daga kan sitiyari, ya tsaya da shi a tsakanin giya da makulli.

Ni kuwa na ƙara damƙe hannun Ummi, don har lokacin tana ƙoƙarin buɗe ƙofar.